Ɗana, Wayarka Ba Ta da Zaure

Wata Laraba bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Na sa tabarau na duba. Hoton ɗan ƙanwata ne, yaron da na yi wa huɗuba da bakina ranar da ya zo duniya. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Turanci wai ɗan damfara ne, ya ci kuɗin mutane ya tsere, duk wanda ya san shi ya yi nesa da shi. A ƙarshe aka ce wai ni na tsaya masa, in bai biya ba ni za a nema. Ban gama karantawa ba surukinsa ya kira ni, murya na rawa. Shi ma an tura masa. An tura wa limamin unguwarsu, an tura wa mai gidan da yake haya, har malamar Islamiyyar 'yarsa ba a bari ba.

Yaron ya zo da magariba, kai a sunkuye. Naira dubu goma sha biyar ya ranta a wata manhajar bashi ta waya, matarsa ba lafiya, albashi bai shigo ba. Kwana bakwai suka ba shi, ya ɗora biyu a kai. Na ce, to ni yaushe na tsaya maka? Ya rantse bai taɓa ba su sunana ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ranar da ya sauke manhajar ta tambaye shi ko ya yarda ta duba lambobi da hotunan da ke wayarsa. Shi kuwa ido na kan kuɗi, ya danna ya yarda. Kafin kuɗin su shigo asusunsa, sun riga sun kwashe lamba ɗari uku da wani abu, tun daga ni kawunsa har mai gyaran babur ɗinsa.

Ba don tonon asiri na kawo maka labarin nan ba. Ya biya bashinsa, shi da kansa ya ce in faɗa wa na baya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, lambar nan da ya bayar tawa ce. Ni na ba shi ita don ya kira ni in wani abu ya taso, ban ba shi don ya jinginar da ita a karɓi rance ba.

Ɗauko wayarka, ɗana, ka duba abin da ke ciki. Akwai lambar mahaifiyarka. Akwai hoton matarka a tsakar gida ba mayafi. Akwai muryar yayarka tana kuka tana ba ka labarin halin da aurenta yake ciki. Akwai takardar asibitin abokinka da ya turo ka nuna wa wani likita, da katin ɗan ƙasa na ƙaninka da ya aiko don ka cike masa fom. A cikin wannan tarin kaya, nawa ne naka? Ɗan kaɗan. Sauran duk ajiyar mutane ce. Kai da ba za ka taɓa buɗe akwatin da maƙwabci ya ba ka ajiya ba, ga shi kana miƙa makullinsa ga duk manhajar da ta roƙa, ko da ta haska fitila ce ko ta lissafin lokacin salla.

Iyayenmu da suka gina gidajen ƙasa a cikin birni sun san abin da suke yi. Baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, a aiko yaro ya ji ko wane ne. In na kusa ne a kai shi shigifa. Cikin gida kuwa sai muharrami, turakar maigida ko 'ya'yansa ba sa faɗa mata kai tsaye. Kowace magana da ɗakin da ake yin ta. Cinikin goro a zaure, maganar aure a shigifa, rigimar miji da mata a bayan labule. Addini ma a kan haka ya tsaya: Suratun Nur ta kawo hukuncin neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Waya ta zo ta tarar da wannan tsari, ta huda bango ta baya. Ba ta da zaure, ba ta da yaron aike. Tana kwana ƙarƙashin matashin kanka, kuma duk wanda ke duniya yana iya leƙowa ta cikinta in ka bar ƙofa a buɗe.

Na ga zuwanta da idona. A 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya ninka albashin ƙaramin ma'aikaci. Mai waya a unguwa a lokacin kamar mai mota ne, a wurinsa ake karɓar kira. Abin da muke tsoro a lokacin shi ne kada kati ya ƙare. Ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana wayar za ta fi matar mutum sanin inda ya kwana.

Na yi shekaru ina sayar da yadi a Kantin Kwari, don haka bari in yi maka lissafin 'yan kasuwa. An kafa Facebook a 2004. A 2012 kamfanin ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1. A 2014 ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19. Yanzu sunan uwar kamfanin Meta. Ka taɓa biyan su ko sisi don ka buɗe shafi? Ba ka taɓa ba. To wane ɗan kasuwa ne zai zuba biliyan 19 a shagon da kayansa kyauta ake rabawa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2023 kuɗin da ya shigo wa Meta ya kai kusan dala biliyan 135, kuma kusan dukkansa daga talla ya fito. Hajarsu ita ce sanin da suka yi maka. Mai atamfa zai je ya ce, ina son tallata ta isa ga mata 'yan shekara 20 zuwa 35, mazauna Kano da Kaduna, masu yawan kallon kayan lefe. Su kuma su kai ta daidai inda ya ce, su caje shi.

Ta ina suka san wannan? Kai kake faɗa musu, kullum, ba da baki ba. Bidiyon da ka tsaya a kansa da wanda ka wuce, abin da ka danna wa so, irin wayar da kake riƙewa, unguwar da kake kwana, lokacin da kake tashi, mutanen da kake yawan hulɗa da su. TikTok ma haka yake aiki, shi ya sa in ka kalli kokawa sau biyu sai ya cika maka gida da 'yan kokawa. Nakan ji matasa suna cewa waya tana sauraron hirarsu, wai sun yi maganar takalmi sai ga tallar takalmi. Ni dai abin da na ce shi ne, wanda ka ba shi littafin shige da ficenka gaba ɗaya, me zai yi da laɓe a bayan taga?

A 2018 asirin wani kamfani na Ingila mai suna Cambridge Analytica ya tonu, kuma labarinsa ɗan'uwan labarin ɗan ƙanwata ne. An ƙirƙiri wata 'yar manhajar tambayoyi a Facebook, irin ta gwada halin mutum. Kimanin mutum 270,000 suka shiga. Amma manhajar ba ta tsaya a kansu ba, ta bi ta cikinsu ta kwashe bayanan abokansu da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, har adadin ya kai mutum miliyan 87. Da waɗannan bayanai aka yi harkar tallar siyasa. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa kamfanin ya sa hannu har a yaƙin neman zaɓen Najeriya na 2015. A 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Ka lura da lissafin: duk mutum ɗaya da ya danna ya yarda, ya jawo sama da mutum ɗari uku da ba a tambaye su ba.

Mu ma a nan an fara farkawa. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu masu manhajar bashi a Legas. Daga ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane in suna so su zauna a shagonsa. A Yuni 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan 'yan ƙasa, aka kafa hukumar NDPC. A Yuli 2024 FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda ya sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta wannan fanni ta tabbatar da hukuncin a Afrilu 2025. Madalla. In an zalunce ka akwai inda za ka kai ƙara, kuma ka kai. Sai dai hukuma bayan ɓarna take zuwa. Waɗanda aka kora daga shagon Google sun koma turo mahaɗi ta saƙo, ka danna ka sauke da hannunka.

Kada ka ɗauka tsoho ne kawai yake ƙorafin zamani. Na ga alherin abin nan a cikin gidana. 'Yata ta biyu tana haɗa turaren wuta da humra a ɗakin aurenta. Da safe ta ɗauki hoton kwalabe ta sa a sitatus, kafin azahar an yi ciniki daga Abuja, daga Jos, wani lokaci har daga Maraɗi. Ta ɗaure kaya, a kai tasha a sa a mota, kuɗi su shigo. Kakarta ma ta yi sana'a a cikin kulle, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma ita sai ta ɗora wa yarinya faranti a ka ta zaga unguwa tun hantsi. Mun san abin da talla ta jawo wa 'yan mata da yawa: rashin karatu, da haɗuwa da mutanen banza a tasha da gareji. Yau waya ce ke ɗaukar farantin, yarinya tana aji. Wanda ya ce wannan ba ci gaba ba ne bai yi wa gaskiya adalci ba.

To amma 'yata, ke da kike wannan sana'a, kasuwa kika shiga, ko da kina kan gadonki. Ki shige ta da shirin kasuwa. Ki ware layin ciniki daban da na gida, don baƙon da ya sayi turare sau ɗaya ba shi da hurumin ganin hoton sunan jaririnki. Ki nuna kaya, ki bar fuskarki da falonki da ƙofar gidanki. Wanda ya ce sai ya zo gida ya karɓa, a haɗa shi da ƙaninki a bakin titi ko a shagon wani na gida. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma tiransifa, 'yan damfara ma suka koma can. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirar sa. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar hannunki, ko da mai sayen ya ce shi Alhaji wane ne yana sauri zai hau jirgi.

Akwai wata ɗabi'a da na ga ta zama ruwan dare, har masu tsoron Allah suna yi ba su ɗauke ta komai ba. Mace ta sayi maganin sanyi ko kayan gyaran jiki, ta rubuto a ɓoye ta yi godiya, ta faɗi abin da ko ƙawarta ba ta faɗa wa ba. Mai kaya sai ta ɗauki hoton hirar ta watsa a sitatus a matsayin shaida, wani lokaci da suna da hoto a sama. Ko an goge sunan, dangin miji sun san salon rubutunta. Wannan cin amana ne, komai yawan cinikin da ya jawo. Ki tambaye ta tukuna. In ta ce a'a, shi ke nan.

In kai ne mai saye, ka tuna cewa mabiya ana sayen su kamar yadda ake hayar 'yan rakiya, kuma fitaccen da ke rantsuwa a kan wani magani ko wata harkar zuba jari, galibi biyan sa aka yi. Ka fara da kaɗan ka ga kamun ludayin mai kaya. Abin sha ko na shafawa da ba shi da lambar NAFDAC, jikinka ka ba su su yi gwaji. Harkar da aka ce ka zuba dubu ɗari ka kwashi dubu ɗari biyu a wata guda kuwa, mun ga MMM da ya rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, mun ga CBEX a Afrilu 2025. Kuma duk ta hannun ɗan'uwa ko aboki suke shigowa, a guruf ɗin dangi, shi ya sa in ta fashe ba kuɗi kaɗai ake asara ba, har zumunci.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A da in mutum ya rasu a hanya, dattijo ake nema ya je gidan. Ya yi sallama, ya zauna, a gaisa, ya fara da cewa wane ba shi da lafiya, ya ja mahaifin gefe, ya bi a hankali har zuciya ta shirya. Wannan ilimi ne, kuma rahama ce. Yau mota ta kife a hanyar Zariya, kafin a ciro mutane an zagaye su da wayoyi. Wani yana numfashin ƙarshe, tufafinsa a yage, ana ɗaukar sa bidiyo. Minti goma ya zaga gari da rubutun “ku tura ko Allah zai sa a gane shi”. Uwa tana tankaɗe a tsakar gida, ta buɗe waya, ta ga fuskar ɗanta cikin jini. Na san gidan da haka ta faru. Mai turawa yana ganin lada yake nema. In har neman dangi ake yi da gaske, a sanar da jami'an kiyaye haɗurra da asibitin da aka kai shi, a faɗi kamanni da lambar mota. Mamaci yana da sutura ko bayan rai ya fita, kuma shi ba zai iya tashi ya ce ka sauke wayarka ba.

Haka 'ya'yanka. Ranar farko ta makaranta ka ɗauke su hoto da rigar makaranta, bajo a ƙirji, sunan makarantar ɓaro-ɓaro, ka rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Jiya ka sa sabuwar mota da lambarta. Gobe ka rubuta “Kaduna ga mu nan” tun kana tasha. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, ka haɗa wa mugu takarda cikakkiya: ga abin da kake da shi, ga inda yaranka suke daga ƙarfe takwas zuwa biyu, ga ranar da ba ka gida. In hoton tafiya ya zama dole, ka bari sai ka dawo. Farin cikin ba zai lalace ba don ya kwana uku.

Wasu 'yan abubuwa kuma a taƙaice. Wanda ya kira ka ya ce daga guruf ɗin masallaci ko na tsofaffin ɗalibai yake, za a yi taro, ka karanto masa lamba shida da aka turo maka, ɓarawo ne. Da lambar nan zai ƙwace WhatsApp ɗinka, ya bi 'yan'uwanka da sunanka yana cewa kana asibiti a turo kuɗi. Ka shiga saitin manhajar ka sa lambar sirri ta mataki na biyu, aikin minti biyu ne. Banki ba ya kira ya nemi lambar katinka ko lambar da ya turo maka. In za ka kai waya gyara ka cire layi da katin ajiya, in da hali ka tsaya a kanta. In za ka sayar, ka goge ta tas. In layin da ke haɗe da asusunka ya ɓata, banki za ka fara sanarwa kafin ka zauna jimamin wayar.

Ke kuma 'yata budurwa, ki matso. WhatsApp ya kulle saƙonni tun 2016 ta yadda na tsakiya ba ya karantawa, wannan gaskiya ne. Amma kullen bai hana wanda kika tura wa ya ajiye ba, bai hana shi nuna wa abokai ba, bai hana wayarsa faɗawa hannun wani ba. Saurayin da ya ce ki turo hoton da ba za ki iya nuna wa mahaifiyarki ba don ki tabbatar masa da so, igiya yake nema ya ɗaura miki a wuya. Samari ma ba su tsira ba. A Yuli 2024 Meta ya rufe shafukan Instagram kusan 63,000 daga Najeriya na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraici sannan su dawo da barazana, kuma galibi da hoton mace suke farautar maza. Abin kunya ne a ce daga ƙasarmu suke. In tsautsayi ya riga ya faɗa miki, kada ki biya, don wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. Ki ajiye saƙonninsa a matsayin shaida, ki faɗa wa babba a gida.

Nan kuma maganar ta dawo kanmu iyaye. Yaran nan suna yin shiru suna ta biyan azzalumi ne saboda sun fi tsoron mu a kan shi. In 'yarka ta zo maka da irin wannan magana tana rawar jiki, ka haɗiye fushin. Faɗa yana da ranarsa. A wannan daren uba take nema da zai rufa mata asiri ya tsaya mata.

Daren da ɗan ƙanwata ya zo, bayan isha muka zauna da wayarsa, shi yana dannawa ni ina haska masa da tambaya. Muka shiga inda ake ganin izinin da aka ba kowace manhaja. Goma sha ɗaya muka samu suna da ikon karanta lambobinsa, ciki har da wata ta wasan ƙwallo da ɗansa ya sauke. Ya cire wa tara, ya goge huɗu daga cikinsu gaba ɗaya. Washegari ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, ya fara da surukinsa.

Shekara biyu bayan haka muna wurin wani ɗaurin aure, ana rabon goro, sai wani dattijo ya matso kusa da ni ya nuna shi da haɓa. Ya ce, Alhaji, wancan ba shi ne yaron nan ba? Na ce wane yaro? Ya ciro wayarsa daga aljihun babbar riga, ya daɗe yana ja da yatsa, sai ga hoton, da rubutun a ƙarƙashinsa kamar jiya aka turo. Na ce shi ne, kuma ya biya tun a makon. Ya ce Allah Sarki, shi bai ma san yadda ake gogewa ba. Na karɓi wayar na goge masa. Saura mutum ɗari uku da wani abu.